Maganin jarabar ƙwaya da barasa: Abin da ake nufi da kula da mutum gaba ɗayansa

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon binciken ƙasa baki ɗaya na farko kan shaye-shaye a Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da barasa da taba sigari. Wato kashi 14.4 cikin ɗari ke nan, alhali matsakaicin duniya a lokacin kashi 5.6 ne. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol da kodin. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya.

Cikin waɗannan alƙaluma akwai wanda ya fi kowanne nauyi: mutum ɗaya cikin biyar na masu shan, kusan miliyan uku, abin ya riga ya zame musu cuta mai buƙatar magani. Ina za a kai su, kuma wane irin magani ne ke aiki? Amsar da likitoci da masu bincike suka fi gamsuwa da ita a yau ita ce a kula da mutum gaba ɗayansa. Wannan bayani ya duba ma'anar hakan, da asalinsa, da abin da aka tabbatar yana da amfani, da abin da ake tallatawa ba tare da hujja ba, da kuma inda Najeriya ta tsaya.

Ma'anarsa da asalinsa

Kula da mutum gaba ɗayansa na nufin a ɗauki mai jaraba a matsayin mutum mai jiki, da tunani, da iyali, da imani, da buƙatar abin yi, sannan a tsara masa magani da ya taɓa kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Dalili shi ne ƙwaya ba ta kama mutum ta ƙofa ɗaya. Idan aka rufe ƙofa guda aka bar sauran a buɗe, ta nan za ta dawo.

A fagen likitanci ana danganta wannan tunani da George Engel, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, wanda a 1977 ya yi kira da a daina kallon cuta a matsayin lalacewar wani sashe na jiki kawai, a riƙa haɗawa da halin zuciyar majinyaci da yanayin zamansa. Sai dai kafin wannan da shekara fiye da 20, an riga an gwada abin a aikace a Najeriya. A 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta. Masu taɓin hankali suna zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu da ya rako su, da rana su je asibiti a duba su, su kuma shiga noma da sauran hidimomin gari. Lambo ya yi aiki har da masu maganin gargajiya, a ƙarƙashin sa idonsa. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka tsarin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa.

Yadda jaraba take kama mutum

Duk abin da ke sa maye yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jin daɗi da son maimaita abu. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, sai ya zama abin da ke bugar da mutum a da ba ya isar sa a yanzu. Wanda ya fara da tiramol guda sai ya koma biyu, ya koma biyar. Daga nan sai a kai matsayin da ba don jin daɗi yake sha ba, don gudun azabar da yake shiga idan bai sha ba: ciwon gaɓoɓi, gumi, rawar jiki, rashin barci, ƙunci. A wannan mataki nasiha kaɗai ba ta cika tasiri ba, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara da kame kai shi kansa ya yi rauni.

Gado yana da nasa kason, musamman a shan barasa. Haka nan fara sha da ƙuruciya, da cin zarafi da aka yi wa mutum yana yaro, da cututtukan damuwa. Amma muhalli ma yana da ƙarfin da ba a zata ba. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta sa wata mai bincike, Lee Robins, ta bibiyi sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Kusan ɗaya cikin biyar sun ce sun kamu da jarabar hiroyin a can. An yi fargabar za su cika ƙasa da shaye-shaye. Abin mamaki, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa cikin jarabar a shekarar farko da dawowarsu, kashi 12 kuma a cikin shekara uku. Sun bar filin daga da tsoro da ƙwaya mai araha, sun koma cikin iyali da aiki, sai yawancinsu suka bari.

Darasin ya shafe mu kai-tsaye. Matashin da aka tsare wata uku, aka sake shi ya koma majalisar da ya baro, da dilan da ya san lambarsa, da zaman banzan da ya kai shi can tun farko, an mayar da shi filin daga ne.

Rukuni na farko: jiki

Matakin farko shi ne raba jiki da abin da ya saba da shi, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Akwai abubuwan da barin su kwatsam ke iya kisa. Wanda ya daɗe yana shan barasa da yawa, idan ya tsaya rana ɗaya, yana iya samun farfaɗiya, kuma bayan kwana biyu zuwa uku yana iya shiga ruɗewa mai tsanani da gane-gane da zazzaɓi. Haka abin yake ga masu shan ƙwayoyin sa barci irin su roci da baliyam, waɗanda dole a riƙa rage su sannu a hankali. Tiramol kuwa yawan shan sa kan jawo farfaɗiya, barin sa kuma yana zuwa da azabar jiki haɗe da tashin hankali. Kulle irin wannan mutum a ɗaki a ce ya yi ta maza ganganci ne da rai.

Bayan wannan mataki akwai magungunan da ke taimaka wa mutum ya tsaya. Ga jarabar dangin hiroyin da kodin akwai metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da ƙishirwar ƙwaya ba tare da bugarwa ba idan likita ya daidaita awon, kuma bincike mai yawa ya nuna suna rage mace-mace da kusan rabi. Ga barasa akwai naltirezon da akamfuroset. Akwai kuma nalozon, maganin gaggawa da ke farfaɗo da wanda ya sha dangin hiroyin fiye da kima numfashinsa ya fara ɗaukewa.

Wasu na sukar metadon da cewa musanya ƙwaya ne da ƙwaya. Masu ba da shi na amsawa da cewa mai shan sa yana tashi ya je aiki, ya riƙe iyalinsa, ya daina sata da yin allura da sirinjin wani. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon na farko a Muhimbili da ke Darussalam a 2011, Kenya ta bi sahu a 2014.

Kula da jiki bai tsaya a nan ba. Ana gwajin ciwon hanta da ƙanjamau da tarin fuka, musamman ga masu yin allura. Ana gyara abinci, domin mashayin barasa yakan rasa sinadarin bitamin B1, rashin da ke iya lalata ƙwaƙwalwa har abada. Ana daidaita barci, a kuma sa motsa jiki. Wanda ya fara shan tiramol saboda ciwon baya ko wahalar dako da tuƙin babur, sai an nema wa ciwon nasa wata mafita, in ba haka ba zai koma.

Rukuni na biyu: tunani da zuciya

Da yawa daga masu shaye-shaye suna ɗauke da wata cutar a ƙarƙashi: baƙin ciki mai tsanani, fargaba, ko tabon abin da suka gani. A yankunan da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga suka ɗaiɗaita, akwai waɗanda ƙwaya ce kaɗai ke sa su barci. Ƙa'idar da UNODC da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar, wadda aka sabunta a 2020, ta ce a yi maganin jaraba da cutar ƙwaƙwalwa tare, a lokaci guda.

Hanyoyi uku na zantawa da majinyaci sun fi samun shaidar bincike. Ta farko ita ce koya wa mutum gane abin da ke tayar masa da sha'awa, ko wuri ne, ko aboki, ko ɓacin rai, ko kuɗi a aljihu, sannan a shirya tare da shi abin da zai yi idan lokacin ya zo. Ta biyu ita ce hirar zaburarwa, wadda William Miller ya fara bayyanawa a 1983: mai ba da shawara ba ya faɗa ko gori, tambayoyi yake yi har mutum ya furta da bakinsa dalilin da zai sa ya bari. Ta uku ita ce ba da 'yar kyauta duk lokacin da gwajin fitsari ya nuna mutum bai sha ba. Abin kamar wasa, amma ga jarabar hodar iblis da ƙanƙara, waɗanda har yanzu ba su da wani tabbataccen magani na sha, wannan hanya tana cikin mafi tasiri.

Rukuni na uku: iyali

A ƙasar Hausa iyali ne ke fara gane matsalar, su ke ɓoye ta, su ke biyan kuɗin magani, kuma wurinsu mutum zai koma. Amma galibi ba wanda ke koya musu abin da za su yi. Gida yakan kasu biyu: masu cewa a kore shi, da masu rufa masa asiri suna biyan bashin da ya ci. Duka biyun ba su cika haifar da ɗa mai ido ba.

Akwai wani tsari da Robert Meyers da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Amurka, wanda ke horar da 'yan'uwa yadda za su yaba wa mutum ranar da bai sha ba, su janye ba tare da rigima ba ranar da ya sha, su bar shi ya ɗanɗana sakamakon aikinsa, su kuma san lokacin da ya dace su kawo maganar asibiti. A gwaje-gwajen da aka yi, kusan biyu cikin uku na waɗanda da farko suka ƙi magani sun yarda sun shiga. Iyalin su ma suna buƙatar kulawa. Matar mashayi da 'ya'yansa suna cikin haɗarin duka da damuwa, kuma tsari mai kyau yana fara tabbatar da amincinsu.

Rukuni na huɗu: imani da abokan tafiya

Addini yana ba mai neman bari abubuwa masu wuyar samu a asibiti: ma'anar rayuwa, ƙofar tuba, tsarin yini, da jama'ar da ba ta sha. Malaman Musulunci sukan tunatar cewa haramcin giya ya sauka ne mataki-mataki, ana gyara zukata kafin a yanke hukunci. Limami ko fasto da ya fahimci jaraba cuta ce yana iya zama gada tsakanin gida da asibiti, kuma huɗubarsa tana iya rage ƙyamar da ke hana mutane neman taimako. Wanda ya ɗauke ta a matsayin rashin tarbiyya kawai yana ƙara tura su ɓoye.

Ƙungiyoyin waɗanda suka bari suna taimakon juna su ma suna da tarihi mai tsawo. Alcoholics Anonymous ta fara ne a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gano cewa zantawa da juna na taimaka musu su kame. Ta haifar da Narcotics Anonymous a 1953. An daɗe ana gardama kan amfaninsu, har a 2020 wani babban nazari na cibiyar Cochrane ya nuna cewa shigar da masu shan barasa cikin irin wannan ƙungiya ta hanya mai tsari yana kai wa ga bari gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin da aka amince da su, wani lokaci ma fiye. A Zanzibar, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, waɗanda suka bar hiroyin sun kafa gidajen zama na masu murmurewa a kan wannan tsari, suka daidaita shi da addininsu.

Rukuni na biyar: abin yi da wurin zama

Zaman banza shi ne babban abokin dila. Wanda ya fito daga cibiya ba sana'a, ba makaranta, ba wanda zai ɗauke shi aiki ko ya ba shi aure, yana da sa'o'i 24 a kullum na tunanin abin da ya bari. Shi ya sa koyon sana'a, da komawa karatu, da jari, da wurin kwana nesa da tsohuwar matattara suke cikin magani. Sana'ar kuma sai ta zama mai kasuwa, a haɗa mutum da ubangida da zai riƙe shi, a ci gaba da bibiyarsa. Takardar shaida da keken ɗinki da ake rabawa ranar yaye ɗalibai a gaban 'yan jarida sukan ƙare a kasuwar 'yan gwangwan.

Tsawon lokaci da komawa ruwa

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ce maganin da bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha a wani lokaci. Wannan adadi bai wuce na masu hawan jini ko asma da cutarsu ke tashi bayan ta lafa ba. Mai hawan jini idan jininsa ya hau, likita gyara masa magani yake yi. Haka ya kamata a yi wa mai jaraba.

Akwai haɗari guda da kowane iyali ya kamata ya sani. Bayan mutum ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure awon da ya saba. Idan ya koma ya sha kamar da, yana iya mutuwa. Makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari ko cibiya su ne mafi haɗari.

Abin da ake tallatawa da sunan wannan tsari

Da yake kalmar tana da daɗin ji, 'yan kasuwa sun rungume ta. A Turai da Amurka akwai cibiyoyi masu tsada da ke tallan yoga, da tausa, da zama da dawaki, da tsira siraran allurai a kunne irin na likitancin Sin. Wasu daga ciki suna da ɗan amfani a matsayin ƙari. Horon natsuwa da lura da numfashi ya nuna alamun rage komawa sha a wasu gwaje-gwaje, motsa jiki kuma yana rage damuwa. Amma wani babban gwaji da aka buga a 2002 ya gano cewa allurar kunne ba ta fi magani na jeka-na-yi-ka ba ga masu shan hodar iblis. Sinadarin ibogen, wanda ake samu daga wata bishiya ta Gabon ana tallata shi a matsayin mai yanke jaraba dare ɗaya, yana rikita bugun zuciya, kuma ya kashe mutane.

A nan gida abin da ya yi kama da wannan shi ne jiƙe-jiƙe da garin magani da ake tallatawa a rediyo da TikTok, wai a zuba wa mutum a abinci ba da saninsa ba, ya tsani ƙwaya cikin mako guda. Babu binciken da ya tabbatar da irin wannan da'awa. Ma'auni mai sauƙi shi ne: duk abin da aka ƙara a kan maganin da aka tabbatar, kuma ba ya cutarwa, ana iya karɓarsa. Wanda aka ce zai maye gurbinsa, a yi hattara.

Gidan mari

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. A watan Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ana ɗaure mutane da mari a sassan Najeriya daban-daban, a cibiyoyin Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da wasu na gwamnati.

Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare yawanci sun gaji ne, kuma ba su da wani zaɓi da aljihunsu zai iya. Amma sarƙa jiki kaɗai take tsarewa. Ba ta taɓa ko ɗaya daga rukunan nan biyar, sai ma ta ƙara wa mutum sabon tabo a zuciya da ƙullatar iyayensa. Rufe gidajen ba tare da samar da madadinsu ba kuwa ya bar iyalai inda suke.

Mata

Binciken da aka ambata a farko ya nuna mace ɗaya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Najeriya, amma a cibiyoyin magani kimanin ɗaya cikin 20 ce. Kunya, da tsoron mutuwar aure ko rasa 'ya'ya, da rashin ɓangaren mata a yawancin cibiyoyi su ke hana su fitowa. Shirin da BBC ta yi a 2018 kan kodin, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun shekarar, ya fito da yadda abin ya shiga cikin gidaje. Maganin da zai dace da mace sai ya kasance da sirri, da ma'aikata mata, da tanadin masu ciki da masu goyo, da hanyar zuwa a dawo gida ba sai an kwantar ba.

Darasi daga waje

A 2001 Fotugal ta daina ɗaukar mallakar ƙwaya ta shan kai, wadda ba ta wuce ta kwana goma ba, a matsayin laifin zuwa kurkuku. Wanda aka kama ana tura shi gaban wani kwamiti da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a. Fataucin ƙwaya ya ci gaba da zama babban laifi. Ƙasar ta zuba kuɗi a magani da samar wa masu murmurewa aiki. Sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura suka ragu daga sama da 1,000 a 2001 zuwa ƙasa da 20 a 2017. Bayan matsin tattalin arziki ya sa an rage kuɗin tsarin daga 2012, matsalar ta sake bayyana a titunan manyan birane. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi sassaucin dokar a 2020 kafin cibiyoyin magani su wadata, a 2024 ta janye. Abin da ya yi aiki a Fotugal shi ne haɗa sauyin doka da kuɗin magani.

Inda Najeriya ta tsaya

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, aikinta na farko kame ne, ko da yake tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallakar ƙwayoyi irin su hodar iblis da hiroyin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Aro, suna karɓar masu jaraba, haka ma asibitin Dawanau a Kano. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shansu ya fi haɗari sun shaida wa masu binciken cewa suna buƙatar magani, amma tsada da ƙyama da rashin cibiya kusa sun tare su.

A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Aiwatar da ita yana buƙatar kuɗi, a ƙasar da ba ta taɓa cika alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya ba. Haramta abu ɗaya kuma bai hana wani maye gurbinsa ba: bayan kodin da tiramol, a 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda ake shigo da wani haɗin ƙwaya mai ƙarfi daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma, abin da ya sa Indiya ta haramta haɗa shi. Muddin masu buƙata suna nan ba a yi musu magani ba, kasuwa za ta sama musu wani abin.

Akwai kuma hannun siyasa. 'Yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauci, 'yan kalare a Gombe, duk an san yadda ake ɗaukar su haya lokacin zaɓe da abin da ake ba su su sha. Bayan rantsuwa, su ne ake kamawa a nuna wa 'yan jarida.

Tambayoyin da suka kamata

Iyalin da ke neman cibiya su tambaya: akwai likita ko ma'aikacin jinya mai lasisi? Cibiyar tana da rajista da hukumar lafiya? Ana duba lafiyar ƙwaƙwalwa? Ana barin 'yan'uwa su ziyarta su ga ko'ina? Ana duka ko ɗauri? Me aka tanada bayan sallama, kuma har tsawon wane lokaci za a bibiya? Wanda ya yi alƙawarin warkewa ɗari bisa ɗari cikin 'yan kwanaki, a bar masa kayansa.

Mai zaɓe kuwa tambayoyinsa na gwamna da ɗan majalisa ne: nawa aka ware wa maganin shaye-shaye a kasafin bana, nawa aka saki? Gadaje nawa jihar ke da su, nawa ne na mata? An horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko su gane matsalar da wuri? Inshorar lafiya ta jiha tana biyan wannan magani? Wa ke duba cibiyoyi masu zaman kansu? Hukumomi sukan sanar da nauyin ƙwayar da suka kama da yawan mutanen da suka gurfanar. Adadin da ya dace a riƙa nema a wurinsu shi ne na waɗanda aka yi wa magani, da yawan waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu bayan shekara guda.